Yadda ake gyara rumbun bayanan dpkg bayan tsarin fayil ya lalace

Malam, ka ce kwamfutar da kuke ajiye fayilolin ofis a kanta tana aiki da Debian 12 a kan tsarin fayil na ext4, kuma wuta ta ɗauke kana tsakiyar sabunta manhajoji alhali batirin UPS ɗinku, na'urar da take riƙe wuta idan lantarki ya ɗauke, ya riga ya mutu. Da ka sake kunna ta sai ta tsaya a initramfs, ƙaramin tsarin da yake fara tashi kafin a buɗe faifai, ka ba da umarnin fsck -y mai duba tsarin fayil, ya yi ta gyare-gyare, kwamfutar ta tashi. Yanzu duk abin da ka nemi apt, manhajar sauko da manhajoji da sabunta su, ya yi sai ya tsaya, wani lokaci da saƙon "parsing file '/var/lib/dpkg/status' near line", wani lokaci da "files list file for package is missing final newline". Kana tambaya ko akwai gyara, ko kuwa sai an goge komai an sake ɗora Debian.

Akwai gyara a mafi yawan lokuta, amma nasararsa ta dogara ne da bin abubuwa bisa tsari, kuma dpkg, wanda apt yake amfani da shi wajen saka manhajoji da riƙe lissafinsu, ba shi ne na farko a layi ba. Da farko a tabbatar da lafiyar faifan, sannan tsarin fayil, sannan rumbun bayanan, daga ƙarshe a gwada abin da rumbun ya rubuta da abin da yake kan faifan a zahiri. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mutane suka fi tsallakewa, domin da zarar saƙon kuskure ya daina fitowa sai su ɗauka aiki ya kammala.

Ka dakatar da duk wani aikin apt tukuna. Ɗaukewar wuta kaɗai ba kasafai take yi wa ext4 mummunar ɓarna ba, saboda yana da kundin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, kuma idan kwamfuta ta sake tashi daga wannan kundin yake ƙarasa aikin ko ya watsar da shi. Saboda haka idan har fsck ya tarar da ɓarna mai yawa, akwai dalilin zargin faifan kansa. Ka duba dmesg ko journalctl -k ka ga ko akwai "I/O error" ko "EXT4-fs error". Sannan ka tashi kwamfutar da filashin da aka ɗora wa Debian ko Ubuntu, ka ba da umarnin smartctl -a /dev/sda, ko duk sunan da faifanka yake da shi. A faifan SATA layuka uku nake fara dubawa: na 5, wanda yake ƙirga guraben da suka lalace aka musanya su, na 197, wanda yake ƙirga guraben da aka kasa karantawa ake jiran hukuncinsu, da na 198, na guraben da gwaji ya kasa gyarawa. Idan na 197 ko na 198 ya wuce sifili, kada ka ƙara rubuta komai a kan wannan faifan. Ka nemo wani, ka kwafe tsohon gaba ɗaya da ddrescue, wanda a Debian yake cikin kunshin gddrescue, ka ci gaba da gyara a kan kwafin. Idan faifan lafiyarsa ƙalau amma ɓarnar ta saba maimaituwa, ka bar memtest86+ ya kwana yana gwada RAM, domin lalatacciyar RAM tana gurɓata bayanai tun kafin su isa faifai, kuma babu gyaran da zai ɗore a kanta.

Kana nan cikin filashin, ba tare da ka ɗaura ɓangaren faifan ba (wato ba ka yi masa mount ba), ka ba da e2fsck -f, wato fsck na ext4, a kansa har sai ya zagaya bai sami komai ba. Ba a taɓa yin wannan a kan ɓangaren da ake aiki da shi, domin yin hakan shi kansa yana haddasa ɓarna. Ya kamata kuma ka fahimci abin da fsck ya yi maka da abin da bai yi ba. Aikinsa shi ne daidaita tsarin: kowane fayil ya kasance yana da suna da mazauni, kada fayiloli biyu su yi iƙirarin gurbi ɗaya, ƙidaya ta zo daidai. Bai san abin da ya kamata ya kasance a cikin fayil ba. Zai iya barin fayil da tsawonsa daidai alhali cikinsa sifili ne zalla, ko ya datse shi, ya kuma bayar da rahoton cewa komai ya daidaita. Ext4 a yadda aka saba saita shi yana kare bayanan tsari ne a kundinsa, ba abin da ke cikin fayiloli ba, kuma yana jinkirta rubutu don ya yi sauri. Wannan jinkirin ne ya jawo ƙorafi a shekarar 2009, lokacin da masu amfani da ext4 suka riƙa tarar da fayiloli babu komai a cikinsu bayan kwamfuta ta mutu ba zato, har aka sa gyara a Linux 2.6.30. Fayilolin da fsck ya tarar ba su da suna kuwa, yana zuba su cikin lost+found, kowanne da alamar # da lamba a matsayin suna. Kada ka goge su, za mu iya komawa kansu.

Abin da ake kira rumbun bayanan dpkg ba wani abu ba ne mai sarƙaƙiya, fayilolin rubutu ne zalla a cikin /var/lib/dpkg, waɗanda za ka iya buɗewa ka karanta da idonka. Kamar littafin mai kula da sito yake: idan ruwa ya jiƙa littafin, kayan suna nan a sito, amma ba wanda ya san me ya shigo, nawa ne, kuma na wane ne. Babban fayil shi ne status, inda kowane kunshin manhaja yake da sakin layi nasa, ɗauke da sunansa, sigarsa, abin da ya dogara da shi, da matsayinsa, kuma layi ɗaya da babu rubutu shi ne yake raba kunshi da kunshi. Sai jakar info, inda kowane kunshi yake da fayil mai ƙarewa da .list wanda ya lissafa fayilolin da ya zuba a kwamfuta, da .md5sums mai ɗauke da lambobin tantance su, da rubutattun umarnin da ake gudanarwa wajen sakawa da cirewa irin su .postinst da .prerm. Akwai kuma jakar updates, inda dpkg yake ajiye ƙananan canje-canje kafin ya haɗe su cikin status, da ƙananan fayiloli irin su diversions da statoverride. Saƙonni biyun da ka kawo sun nuna ɓarnar ta shafi wurare biyu daban: na farko status ne, na biyu kuma wani fayil ne a cikin info.

Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, ka kwafe jakar duka da cp -a /var/lib/dpkg /root/dpkg-asali, ka kwafe /var/backups da /var/log su ma, ka kuma kai kwafi ɗaya wajen kwamfutar. Dalilin gaggawar shi ne dpkg yana sake rubuta status-old duk lokacin da ya rubuta status, kuma aikin ajiyar kullum yana tura tsofaffin kwafi baya, don haka kwafin da zai cece ka zai iya ɓacewa saboda ƙoƙarin gyaran da kake yi.

Kwafin status yana wurare biyu. Na kusa shi ne /var/lib/dpkg/status-old, wanda yake riƙe da yadda status yake kafin rubutu na ƙarshe. Na biyu suna cikin /var/backups: dpkg.status.0, sai dpkg.status.1.gz har zuwa na 6. A da cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, shi ne yake yin wannan ajiyar kullum, amma a Debian 12 akwai dpkg-db-backup da systemd, mai kula da hidimomin kwamfuta, yake tayarwa. Ba ya yin sabon kwafi sai idan status ko ɗaya daga cikin ƙananan fayilolin rumbun ya canza, shi ya sa a kwamfutar da ba a cika taɓawa ba kwafi na 6 zai iya zama na watanni da suka wuce. Ka duba kwanan watan kowanne da girmansa, ka ƙirga kunshin da ke ciki da grep -c '^Package:' ka gwada da lalataccen.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a ɗora dpkg.status.0 a kan status a wuce wurin, kuma ni ban cika son fara da ita ba. Ka buɗe lalataccen fayil ɗin da less, ka je layin da saƙon kuskure ya ambata, ka ga iyakar ɓarnar. Sau da yawa za ka tarar da ɗan yanki ne kawai, jerin alamun ^@ da suka cinye sakin layi biyu ko uku, saboda ɓarnar faifai tana zuwa ne gurbi-gurbi, kuma gurbin ext4 yawanci bayit 4096 ne. Idan haka ne, abin da ya fi shi ne ka cire lalataccen yankin, ka kwafo sakin layin waɗannan kunshin kaɗai daga status-old ko daga kwafin /var/backups, ka liƙa su a wurin, kana kula da layin da ke raba su. Da haka sauran dubban bayanan suna nan a kan sabon matsayinsu, kuma kunshi biyu ko uku ne kawai za ka bi diddiginsu. Kada ka goge sakin layin ka bar wurin haka nan. Idan ka yi hakan, dpkg zai ɗauka ba a taɓa saka kunshin ba, kuma za ka yi asarar sashen Conffiles, wanda da shi dpkg yake gane ko ka taɓa canza wani fayil ɗin saiti a /etc.

Idan kuwa fayil ɗin babu komai a ciki, ko ɓarnar ta yi yawa, sai a koma ga kwafi, status-old da farko idan yana da lafiya, sannan dpkg.status.0. Za ka iya gwada kowanne ba tare da kasada ba: ka yi wani kwafin jakar a /root/gwaji, ka sa ɗan takarar a matsayin status a ciki, ka ba da dpkg-query --admindir=/root/gwaji -l ka ga ko zai karanta har ƙarshe. Idan duk sun lalace, ka leƙa lost+found da grep -rl '^Package: dpkg$', domin wani lokaci cikakken status yana kwance a can da lamba a matsayin suna. Idan kuma kuskuren ya ambaci wani fayil a cikin updates, musamman wanda yake maganar "#padding", ka kwashe fayilolin da ke cikin jakar zuwa wani wuri, ka bar jakar kanta. Abin da ka yi asara shi ne bayanin matakan ƙarshe kafin wuta ta ɗauke, kuma za mu dawo da shi ta wata hanya.

Matsalar .list ta fi sauƙi, sai dai dpkg yana karanta dukkan fayilolin .list kafin ya saka komai, don haka guda ɗaya lalatacce ya isa ya tsayar da aiki, kuma yana nuna su ne ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ka bi su a haka, ka tara su lokaci guda da wannan umarnin:

file /var/lib/dpkg/info/*.list | grep -v ': .*text'

Duk wanda ya fito a matsayin data ya lalace. Wanda ya fito a matsayin empty sai ka duba shi da dpkg -l, domin kunshin da aka cire aka bar saitinsa, wanda yake nuna rc a farkon layi, zai iya kasancewa haka ba tare da matsala ba. Ka kwashe lalatattun zuwa wata jaka, ka rubuta sunayensu, sannan ka sake saka kowanne da apt-get install --reinstall. Dpkg zai yi gargaɗin cewa bai ga jerin fayilolin kunshin ba kuma zai ɗauka ba shi da fayil ko ɗaya, sannan ya zuba fayilolin ya rubuta sabon .list da .md5sums da sauransu. Ya fi kyau ka sake saka sigar da take kai daidai, domin idan ka saka sabuwa alhali babu tsohon jeri, fayilolin da tsohuwar siga kaɗai take da su za su zauna a faifai babu mai su. Ka fara dubawa a /var/cache/apt/archives, inda mai yiwuwa fayilolin .deb, wato kunshin kansu, da aka sauko da su ranar da wuta ta ɗauke suna nan, abin da zai rage maka kashe data. Tsofaffin sigogin da aka cire daga ma'ajiyar Debian kuwa ana samun su a snapshot.debian.org.

Akwai wata dabara da ta yaɗu a intanet, wai a sauya wa jakar info suna, a ƙirƙiri sabuwa wadda babu komai a ciki, sai apt ya ci gaba da aiki. Gaskiya ne zai ci gaba, amma ka mayar da ɓarnar fayiloli biyar ta zama ta kunshi dubu ko fiye. Daga ranar dpkg bai san fayil ɗin wane ne na wane ba, ba zai iya cire komai da kyau ba, ba zai gane idan kunshi biyu suna rikici a kan fayil ɗaya ba, kuma umarnin da ya kamata ya tsayar da wata hidima kafin a sabunta ta babu shi. 'Yar'uwarta ita ce rubuta exit 0 a saman .postinst don a rufe masa baki. Wannan tana da wurin amfani idan kana son cire kunshin da ya maƙale kuma ka karanta ka san abin da umarnin yake yi, amma ba hanyar gyara ba ce. Idan rubutaccen umarnin ne ya lalace, wanda yawanci yake bayyana da "Exec format error", ka ciro lafiyayyensa daga fayil ɗin .deb na sigar da dpkg-deb -e ka mayar da shi mazauninsa da sunan da ya dace, kana lura cewa wasu kunshin suna ɗauke da :amd64 a cikin sunan fayilolinsu.

Abin da ke /var/lib/apt/lists ba abin damuwa ba ne, ka share fayilolin da ke ciki ka ba da apt update su dawo. Idan debconf, mai ajiye amsoshin tambayoyin da kunshi suke yi wajen saiti, ya yi ƙorafi, bayanansa suna /var/cache/debconf, kuma shi ma yana ajiye kwafi mai ƙarewa da -old.

Idan dpkg ya fara karatu ba tare da tsayawa ba, ka ba da dpkg --audit ka ga kunshin da suka tsaya rabi da rabi, sannan dpkg --configure -a, sannan apt --fix-broken install, kana karanta abin da apt ya ce zai yi kafin ka amince. Idan ka ga yana shirin cire kunshi masu yawa, ko ya yi gargaɗi a kan cire wani muhimmin kunshi, ka ƙi, domin alama ce ta cewa status ɗin da ka mayar bai dace da abin da ke faifai ba.

Wannan ya kai mu ga aikin da na ce ana tsallakewa. Duk kwafin da ka mayar yana ba da labarin wani lokaci da ya wuce ne, alhali faifan yana ɗauke da abin da ya faru har zuwa daƙiƙar da wuta ta ɗauke. Rumbun zai iya cewa wata manhaja tana kan tsohuwar siga, alhali rabin fayilolinta sababbi ne. Shaidar abin da ya faru a tsakani tana /var/log/dpkg.log, inda kowane layi yake ɗauke da kwanan wata da lokaci da matakin da aka ɗauka, da /var/log/apt/history.log, wanda ya lissafa dukkan kunshin da aka yi niyyar taɓawa a kowane zama. Na biyun ya fi amfani a nan, domin ƙarshen dpkg.log zai iya yankewa tare da wutar. Ka tattara sunan duk kunshin da aka saka, aka sabunta ko aka cire tun daga ranar kwafin da ka mayar, ka sake saka waɗanda ya kamata su kasance, ka sake cire waɗanda aka riga aka cire.

Bayan haka sai ka ba da dpkg --verify, wanda yake gwada kowane fayil da lambar MD5 da aka ajiye masa. Layin da ya nuna 5 a gurbi na uku yana nufin abin da ke cikin fayil ɗin ya canza, missing yana nufin babu shi, harafin c kuma yana nufin fayil ɗin saiti ne, wanda canzawarsa ba laifi ba ce idan kai ka canza shi. Duk fayil ɗin da ke ƙarƙashin /usr da ya fito, ka nemi mai shi da dpkg -S ka sake saka kunshin. Manhajar debsums ma tana yin irin wannan aikin. Ka tuna cewa gwajin yana dogara ne da fayilolin .md5sums, waɗanda su ma suna iya lalacewa ko su ɓace, kuma kunshin da ba shi da lambobin tantancewa zai iya wucewa ba a gwada cikinsa ba. Don haka ka bi su da umarnin file kamar yadda ka yi wa .list. Akwai kuma fayilolin da kwamfuta take ƙirƙira da kanta waɗanda babu kunshin da ya lissafa su, saboda haka kafin ka sake kunna ta ka ba da ldconfig, da update-initramfs -u -k all, da update-grub, musamman idan sabuntawar da ta yanke ta haɗa da sabon linux-image, kunshin da yake ɗauke da Linux kansa.

Idan dpkg kansa ne ko apt ko libc6 ya lalace har ba sa tashi, gyaran daga filashi ake yin sa. Ka ɗaura faifan a /mnt, ka warware fayil ɗin .deb na sigar da ta dace a wata jaka ta daban da dpkg-deb -x, ka kwafi fayilolin da suka lalace kaɗai zuwa mazauninsu, sannan ka haɗa /dev da /proc da /sys, ka shiga da chroot, umarnin da yake sa ka yi aiki kamar daga faifan ka tashi kwamfutar, ka sake saka kunshin yadda ya kamata. Kada ka warware .deb kai tsaye a kan tushen faifan. A Debian 12, /bin da /sbin da /lib mahaɗai ne kawai masu nuni zuwa cikin /usr, kuma warwarewa a kansu za ta iya maye gurbin mahaɗin da jaka ta gaske, kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Akwai matakin da gyara ba ya biyan wahalarsa. Idan babu lafiyayyen status ko ɗaya, za a iya tsamo sunayen kunshin daga jakunkunan /usr/share/doc, tunda ƙa'idar Debian ta wajabta wa kowane kunshi ya kasance yana da mazauni a can, ko daga sunayen fayilolin .list, sannan a sake saka su duka. Ana yin haka kuma yana yiwuwa, amma zai ci yini, kuma sakamakon bai kai amincin sabuwar ɗorawa ba. Haka nan idan dpkg --verify ya fito da ɗaruruwan fayiloli a kunshin da sabuntawar ba ta ma taɓa ba, ɓarnar ta wuce ta rumbun bayanai. A irin wannan hali ni zan kwashe /etc da /home da bayanan ofis, in ajiye jerin da apt-mark showmanual ya bayar idan yana aiki, ko in haɗa shi daga history.log, in ɗora Debian sabo a kan faifan da na amince da shi, in mayar da saiti ɗaya bayan ɗaya maimakon in juye tsohuwar /etc duka a kai.

Ko ka gyara ko ka sake ɗorawa, dpkg bai san komai ba game da fayilolin ofishinku. Takardun da ma'aikata suka ajiye, da bayanan PostgreSQL ko MariaDB idan kuna da su a /var/lib, duk suna kan faifan da ya sami ɓarnar, kuma babu .md5sums da zai gaya maka ko sun tsira. Ka gwada su da kwafin ajiyarku na ƙarshe, ka yi wa bayanan PostgreSQL ko MariaDB ɗin cikakken juyi da pg_dump ko mysqldump ka ga ko zai kai ƙarshe ba tare da kuskure ba, ka kuma bi sauran abin da ke lost+found da umarnin file don gane ko akwai takardun mutane a ciki. Sannan a canza batirin UPS ɗin kafin a sake ba da apt upgrade a kan wannan kwamfutar.